Yaye na Biyu: Makonnin Farko na Yaro a Jardan Kamar Yadda Iyayen Cadawa Ke Ganinsu

A Jamhuriyar Nijar ana kiran makarantar share fagen shiga firamare da suna jardan, kalmar da aka aro daga Faransanci, kuma dokar tsarin ilimi ta shekarar 1998 ta sanya ta a matsayin matakin farko na ilimin tushe, inda yaro ɗan shekara uku zuwa biyar ke koyon zama cikin tsara kafin ya shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare. A Cadawa, da ke kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Agye, da ma garuruwan Gazawa da Gidan Rumji, buɗe makarantu a watan Oktoba yakan zo daidai da kaka, lokacin da hannuwan gida duka ke wajen girbin gero da roron wake, kuma zazzaɓin cizon sauro bai gama sakin yara ba, don haka uwa takan miƙa ɗanta ga malama a lokacin da ita kanta ba ta da sararin zama ta rarrashe shi.

Kukan ranar farko ba baƙon abu ba ne ga uwa Bahaushiya, domin ta san shi tun daga yaye, sa'ad da ake ɗauke yaro daga nono a kai shi ɗakin kakarsa ya kwana biyu har ya haƙura. John Bowlby, likitan Ingila da ya yi bincike kan shaƙuwar yaro da mai renonsa, ya bayyana irin wannan kuka a matsayin alamar shaƙuwa mai lafiya, kuma kakannin ƙasar Hausa sun riga shi aiki da wannan fahimta, tunda ba sa kai yaron da aka yaye sai hannun wanda ya saba da shi. Bambancin jardan shi ne hannun da ke karɓarsa baƙo ne.

Yaron da ya tashi a gidan yawa, tsakanin yayye da ƴaƴan kishiyoyi da na maƙwabta, taron yara ba ya firgita shi; abin da ke ɗaure masa kai shi ne tsari. A gida yana cin tuwo idan ya ji yunwa, ya zaga bayan ɗaki ba tare da ya nemi izini ba, amma a aji sai an ba shi dama, shi ya sa iyaye da yawa kan ga yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo da wando a jiƙe a makon farko, lamarin da ke buƙatar wando na biyu a jaka maimakon faɗa. Akwai kuma batun suna, wanda ba a cika lura da shi ba: yaron da ake kira Tanko ko Abba a gida, musamman ɗan fari da uwa ke yi wa alkunya ba ta faɗin sunansa, yakan yi shiru idan malama ta kira sunan yanka da ke cikin takardar haihuwa, har a ɗauka ƙiwuya ce, alhali bai san da shi ake ba. Uwar da ta gaya wa malama laƙabin ɗanta tun ranar rajista ta rage masa rabin baƙunta.

Harshe ma yana da nasa nauyin, domin gaisuwa da ƙirga da waƙoƙin aji galibi da Faransanci ake fara su, ko da yake kundin tsarin mulkin ƙasar da aka kafa a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma malamar da ta tarbi yaro da harshen uwarsa ta fi saurin samun amincewarsa.

Fargabar iyayen yankin game da ɗakin karatun kanta tana da tushe, tunda a watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a birnin Maraɗi ta hallaka yara fiye da 20, watanni kaɗan bayan makamanciyarta a Yamai, abin da ya sa gwamnati ta hana sanya ƴan jardan a irin waɗannan rumfuna. Uban da ya tsaya ya duba rufin aji da faɗin ƙofarsa kafin ya bar ɗansa haƙƙinsa ya sauke.

Iyaye kan gane yaro ya saba ne a tsakar gida, ranar da ya jera ƙannensa a kan tabarma ya ɗauki kara yana nuna musu bango yana kwaikwayon muryar malama, ko ya ƙi shan kokonsa da safe har sai ya wanke hannu yadda aka nuna masa a aji.