Me Ya Sa Ake Ce Masa Kan Sarki?



A makon jiya wata 'yar ajinmu ta zo da tsohon ambulan da ta samo a adakar kakanta. A kusurwarsa akwai 'yar takarda mai haƙora a gefe. Da muka zagaya aji da ita, mutum uku kawai suka san sunanta kan sarki, kuma ko su ba su san dalilin sunan ba. Shi ya sa muka bincika.

Kan sarki shaida ce cewa an biya kuɗin kai wasiƙa a gidan waya. An fara yin sa a Ingila a 1840, da hoton kan Sarauniya Victoria. Da Turawa suka kafa mulki a Arewa, sai suka fito da na nan a 1900. Bayan rasuwar sarauniyar aka riƙa sa kan sarakunan Ingila maza, wato Edward na Bakwai, sannan George na Biyar. Kakanninmu suka duba, suka ga kai ne kawai babu gangar jiki, suka raɗa masa suna. Yau shekara fiye da sittin da tafiyar Turawa, amma sunan yana nan.

Abin da ya fi burge mu shi ne, wanda ya jera kan sarki bisa shekaru zai ga darasin tarihi a gabansa. Na farko-farko suna ɗauke da sunan Najeriya ta Arewa. Daga 1914, da aka haɗe Kudu da Arewa, sai sunan ya koma Najeriya kawai. A jerin da aka buga a 1953 akwai mai hoton gyaɗa, akwai mahayan dawakin Barno, akwai gadar Jebba. Wato tun kafin a fara sayar da fetur, gyaɗar manomanmu ce ake tinƙaho da ita. Kuɗin da aka rubuta a jiki ma yana magana. In kun ga taro, sisi ko sule, to kafin 1973 ne, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Akwai kuma wanda aka buga a 1977 don tunawa da Janar Murtala Muhammed.

Mu 'yan Mai'adua muna da wata sa'a da ɗaliban Katsina ba su da ita. Ga Kwangwalam nan kusa, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Matamaye ko Damagaram. Saboda haka a akwati ɗaya ana iya samun na Najeriya da Turanci da na Nijar da Faransanci, alhali masu wasiƙun duka Hausa suke ji, wataƙila ma wa da ƙane ne.

To yaya ake farawa? Ba sai da kuɗi ba. A tambayi kakanni, da tsofaffin malamai, da waɗanda suka yi aikin gwamnati ko soja. A nemi izini tukuna, don wasiƙa sirrin mai ita ce. Kada a ɓamɓare kan sarki da farce. Mun gwada, muka yaga guda biyu, har yanzu abin yana mana ciwo. A yanko shi da almakashi tare da takardar da ke bayansa, a jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi har ya rabu da kansa, a shanya a inuwa, sannan a danne shi cikin littafi mai nauyi. Kada a sa masa gam. Mu ƙananan aljihuna muke yi da takarda a cikin tsohon littafin rubutu, mu rubuta ƙasa da shekara a ƙarƙashi.

Amma in ambulan ɗin tsoho ne sosai, a bar shi yadda yake. Hatimin gidan waya da ke kansa yana nuna garin da wasiƙar ta fito da ranar da aka aiko ta, kuma in an yanke, wannan labarin ya tafi.

Abin da ke damunmu shi ne lokaci. Yanzu kowa waya yake bugawa, sababbin wasiƙu ba sa zuwa, tsofaffin kuma gara da danshin damina suna cinye su, wasu a hura wuta da su. Ambulan ɗin da muka fara magana a kai ma gara ta riga ta ci rabinsa.

Zuwa yanzu mun tara goma sha ɗaya. Ranar 9 ga Oktoba ce ranar gidan waya ta duniya, kuma muna so mu baje su a wannan allo ranar. Duk wanda ya samo wani a gida, ya kawo mana ranar Laraba bayan an tashi. In kaka ya ce aro ne, za mu zana hotonsa mu mayar masa da abinsa.