Ribar da Ba Ka Cire Ba, Ba Taka Ba Ce

Yau maganar kirifto za mu yi, amma bari in fara daga kasuwar Ɗandume.

Duk wanda ya tashi a Funtua, Bakori ko Malumfashi ya san harkar ajiyar hatsi. Ka sayi masara da kaka, ka zuba a sito, ka jira ta yi tsada. A 2024 masu ajiya sun ga kuɗi sosai. Da kaka ta zagayo sai kowa ya afka, har da masu cin bashi, a zatonsu farashi sama kawai ya sani. A 2025 masara ta faɗi warwas, mutane da yawa ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba.

To, wannan cutar ce ta bi mu har cikin waya.

Ku tuna Pi. Shekara da shekaru matasanmu suna danna waya kullum suna mainin. Ranar 20 ga Fabrairu 2025 aka buɗe shi a kasuwa, cikin mako guda ya kusa taɓa dala 3. Wani abokina a Malumfashi yana da adadin da, da ya sayar da rabi a ranar, zai sayi takin gonarsa ya kuma biya 'yan ƙwadago. Na ce masa ya rage. Ya ce shi dala 314,159 yake jira kan kowane ɗaya, farashin da ake ta yaɗawa a guruf-guruf na WhatsApp. Kafin ƙarshen Maris Pi ya sauko ƙasa da dala ɗaya.

Mu ɗan yi lissafi. Ko Pi biliyan ɗaya kacal ne a hannun mutane, a wancan farashin ya zama dala tiriliyan 314, kusan ninki uku na abin da duk ƙasashen duniya ke samarwa a shekara. Wa zai biya ka? Haɗama ba ta barin mutum ya ɗauki biro, shi ya sa Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuma ba ƙananan koyin kaɗai ba. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021, bayan shekara ɗaya yana wajen 16,000. Shi ya farfaɗo daga baya. Luna kuwa, da ya haura dala 100 a Afrilu 2022, a watan Mayu ya zama toka.

Ga abin da da yawa ba su gane ba: in abu ya faɗi da rabi, sai ya ninka kafin ka dawo inda kake. Naira dubu ɗari ta koma dubu hamsin, kana buƙatar ribar kashi ɗari cikin ɗari, ba hamsin ba. Lambar da kake gani a walet alkawari ce kawai.

Me ya kamata a yi? Abin da manomi mai hankali yake yi. Ba ya sayar da buhunansa duka rana ɗaya, ba ya kuma riƙe su duka. Yana fitar da na biyan bashin taki, ya ajiye na ci, saura ya jira da su. Kai ma tun kafin ka saya, rubuta a takarda farashin da za ka sayar, da kuma wanda in an faɗo gare shi za ka haƙura ka fita. In kuɗinka ya ninka, sayar da rabi, uwar kuɗi ta dawo gida. Sauran ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yayin da yake hawa. Manhajojin ma suna ba ka damar saka umarnin sayarwa tun da wuri, ko kana barci zai yi aiki. Ni na fi yarda da wannan fiye da zuciyata, don wallahi in kore ya cika fuskar waya, ni ma sai in ji kamar gobe zai fi.

Wani zai ce, in na sayar ya ci gaba da tashi fa? Zai faru, kuma za ka ji haushi. Ba wanda ke dacewa da ƙololuwa sai da sa'a.

Sannan in ka cire, ka cire da gaske. Kada ka sayar da wannan da safe ka zuba a wani sabon koyin da yamma. Mayar da wani kaso naira, ka sayi taki ko tunkiya, ko ka biya kuɗin makarantar ƙanwarka. Kuɗin iri da na haya kuwa, kada su shiga nan tun farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.