Garmaho Ya Dawo: Abin Lura Kafin A Haɗa Shi Da Lasifikar Gida

A gidaje da dama akwai tsofaffin fayafayai da aka jibge a ƙarƙashin gado tun lokacin da kaset ya kori garmaho. Waɗansunsu na su Alhaji Mamman Shata ne da Ɗan Maraya Jos, kuma galibinsu an daina buga su da daɗewa. To, ga shi garmaho ya sake samun kasuwa a duniya, har ma a shekarar 1987 ce rabon da faifai ya fi CD ciniki a Amurka, sai a 2022 ya sake shan gabansa. Saboda haka magidanci da yawa suna sha'awar sayen garmaho su haɗa da lasifikar da suke da ita, su ji muryoyin mazan jiya. Sai dai wanda ya yi gaggawa yana iya yin asara biyu, ta kuɗinsa da ta fayafayan da ba za su sake samuwa ba.

Abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa shi ne bayan amfilifayar da ke gidansa. Dalili kuwa shi ne, wutar da allurar garmaho take fitarwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na bolt ɗaya ba. Bugu da ƙari, a wajen yanka faifai akan rage kaurin sauti, a ƙara kaifinsa, don waƙa mai tsawo ta shiga cikin ɗan fili. Wannan tsari ne da kamfanonin Amurka suka daidaita a kansa a 1954. Lalle ne a sami wata 'yar na'ura da za ta ɗaga wannan wuta, ta kuma mayar da sautin yadda yake tun asali.

Idan akwai kafar da aka rubuta Phono a bayan amfilifaya, to wannan na'ura tana ciki, sai a cusa wayar garmaho kawai. In kuwa babu, kamar yadda yake ga yawancin kayan sautin zamani, to ko dai a nemi garmaho mai ɗauke da ita a cikinsa, ko a saye ta dabam. Wanda ya cusa waya a kafar Aux ba tare da ita ba, zai ji Shata can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya, kalangu babu kauri. Wanda kuma ya bi da sautin ta cikin irin wannan na'ura har sau biyu, sai ya ji ƙara da karkarwa. Akwai wata siririyar waya ta uku da ake ɗaurawa a jikin amfilifaya. In an manta da ita, lasifika za ta riƙa gurnani ba fasawa.

Bayan wannan sai batun hannu da allura, kuma nan ne rayuwar faifai take. Garmaho na kirki yana da ɗan dalma a ƙarshen hannunsa wanda ake juyawa a daidaita nauyin allura, yawanci giram 1.5 zuwa 2.5. Ƙananan nan masu kama da akwati, masu lasifika a jiki, sukan danna faifai da ninkin haka ko fiye, suna cin layinsa a hankali. Araha dai ba ta ado. Allurar lu'ulu'u ma tana gajiya bayan awa 500 zuwa 1,000, don haka wajibi ne a tambaya ko ana samun madadinta a kasuwa.

Har ila yau, fayafayai iri uku ne. Akwai tsohon mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda yake juyawa sau 78 a minti ɗaya. Akwai babba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, sai ƙarami mai juyi 45 na kamfanin RCA Victor a 1949. Yawancin garmaho na yanzu biyun ƙarshe kaɗai suke ɗauka. Mai tsofaffin 78 sai ya nemi wanda yake da wannan gudu, da allura mai kauri ta musamman, domin layinsu ya fi faɗi.

Game da abin da ke juya farantin, wani bel ɗin roba ne yake jansa, wani kuma injin yana ƙarƙashinsa kai tsaye, kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972. Dukansu suna aiki da kyau, amma roba tana saki da zafi, sai an riƙa canja ta.

Masu sayen na hannu su yi hattara da asalin kayan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce, tana kaɗawa sau 60. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta, amma ba ta gyara kaɗawarta. Garmahon Amurka da injinsa yake bin kaɗawar wuta zai yi nawa da kashi ɗaya cikin shida, muryar mawaƙi ta koma ta wani dabam. Kayan Ingila da sauran ƙasashen Turai ba su da wannan matsala.

Daga ƙarshe, a ajiye garmaho a kan teburi mai ƙarfi wanda bai karkace ba, nesa da lasifika, don kada girgizarta ta koma cikin allura. A rufe shi daga ƙurar hunturu, a jera fayafayai a tsaye inda rana ba ta kai, gama zafi yana lanƙwasa su. Mai hikima kuma yakan tafi kasuwa da faifan da ba ya jin asararsa, ya gwada garmahon da shi tukuna, kafin ya ɗora masa abin da ya gada daga mahaifinsa.