Sikotland: ƙasar da audugar mata ta zama kyauta

Duk mai shago ya san yadda ake cinikin audugar mata: a rage murya, a ƙunshe cikin baƙar leda. Ya kuma san wadda ke tambayar kuɗi, ta ajiye, ta wuce. A Sikotland, wani yanki na Birtaniya mai mutane wajen miliyan 5 da rabi, an ɗauke wa mata wannan nauyi. Tun ranar 15 ga watan Agusta 2022 doka ta wajabta wa hukumomi su ajiye auduga kyauta domin duk mai buƙata. Ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka.

Wani zai ce, a ƙasar Turawa wa zai rasa kuɗin auduga? Akwai su. Binciken da ƙungiyar Young Scot ta yi a 2018 ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da suka amsa tambaya sun sha wahalar samun ta. Can ma kamar nan, in kuɗin cefane da na auduga suka haɗu, cefane ke cinyewa, yarinya ta koma ga tsumma ko ta ƙi zuwa makaranta.

Wata ƴar majalisa mai suna Monica Lennon ce ta ɗauki maganar a ka. A 2017 aka gwada rabon a birnin Aberdeen ga mata masu ƙaramin ƙarfi. A 2018 aka kai shi makarantu da jami'o'i. Da ta kawo dokar da za ta game ƙasa duka, gwamnati ta ja da baya, ta ce abin zai ci fam miliyan 24 a shekara, wato wajen miliyar 18 na sefa. Mata ba su saki ba. Ranar 24 ga watan Nuwamba 2020 majalisa ta amince, ba wanda ya ce a'a.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ake bayarwa. Ba a tambayar mace takardar shaidar talauci, ba ta bin layi ta yi wa wani jami'i bayani. Audugar tana ajiye a makewayin makaranta, ɗakin karatu, gidan wasanni da sauran wuraren hukuma. Ta ɗauka ta tafi. Dokar ta ce a same ta cikin sauƙi, cikin mutunci, kuma a ba mace zaɓi. Masu dokar sun gane cewa kyautar da sai an zubar da mutunci ake samu, da yawa za su bar ta. Wace mace za ta tsaya gaban namiji ta ce tana al'ada? (A yankin Tayside ma an naɗa namiji ya kula da aikin a 2022, surutu ya yi yawa har aka soke muƙamin cikin ƴan makonni.)

A Afirka, Kenya ta cire harajin saye a kan auduga tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar raba ta kyauta ga ƴan matan makarantun gwamnati. Sai dai rabon kan yanke in kuɗi bai sauko ba. Wannan ba baƙon labari ba ne a Nijar: a 2006 aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci, har magani ya riƙa yankewa.

Ga mai sayar da tumatir a kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maradi, wadda ke zaune daga hantsi har magariba, ko an ba ta auduga da sauran aiki. Tana buƙatar makewayi mai ƙofa da sakata, da ruwa, da inda za ta jefa wadda ta cire. Wannan kam ba sai an jira miliyar 18 ba: ma'aikatar magajin gari na karɓar kuɗin tikiti a hannunta kowace ranar kasuwa.