Ciwon zuciya: abin da sabon bincike ya gano, da abin da ya shafe mu a sansani

Idan aka ambaci cuta a sansani, abin da ke fara zuwa a rai shi ne zazzaɓin cizon sauro, ko amai da gudawa, ko ƙyanda. Waɗannan kowa yana ganin zuwansu. Ciwon zuciya kuwa a ɓoye yake shigowa, yakan yi shekaru yana cin mutum bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun yi ajalin mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda suka rasu a duniya a shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Saboda haka mu daina cewa ciwon masu kuɗi ne.

Mun san wanda ya baro gida cikin dare bai tsaya neman ƙwayoyin maganinsa ba. Akwai dattawa a cikinku da suka shekara suna shan maganin hawan jini a garinsu, amma tun ranar da aka fito ba su sake sha ba. Dominsu, da domin masu jego da yara, muka tattaro abin da likitoci suka gano a 'yan shekarun nan, yawancinsa a nan Afirka.

Yadda ciwon ke kama zuciya

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya don tura jini ko'ina a jiki. Ku ɗauke ta kamar famfon tuƙa-tuƙa. Idan bututu ya matse, sai mai tuƙi ya ƙara ƙarfi har ya gaji: wannan shi ne hawan jini. Idan hannun mai tuƙin ya yi rauni, ruwa ba ya fita sosai: wannan shi ne raunin tsokar zuciya. Idan kuma robar da ke tare ruwa ta lalace, ruwan sai ya riƙa komawa baya: wannan shi ne lalacewar ƙofofin zuciya. Waɗannan uku ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Hawan jini

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa cikin manya uku a duniya, ɗaya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Dalili kuwa, yawanci ba ya ciwo. Ba a gane shi da ciwon kai ko jiri, sai da awo. Idan an auna mutum a ranaku biyu daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to yana da shi. In an bar shi, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko lalacewar ƙoda.

A da, yawancin gwajin magunguna a Turai da Amurka ake yi. Yanzu abin ya fara sauyawa. A 2019 wani bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, wanda aka yi a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya gano cewa haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon wani gwajin a Nijeriya, a kan mutum 300, inda aka haɗa magani uku 'yan kaɗan-kaɗan cikin ƙwaya ɗaya da ake sha sau ɗaya a rana. Bayan wata ɗaya, jinin kashi 81 cikin 100 na masu shan ƙwayar ya daidaita, alhali a ɓangaren da aka bi tsarin da aka saba kashi 55 ne.

Darasin da ke ciki shi ne: idan ma'aikacin lafiya ya ba ku magani iri biyu ko uku, ba alama ce ta cewa ciwo ya yi tsanani ba, haka aka gano ya fi aiki. Kuma maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Yana danne jinin ne muddin ana sha, ranar da aka bari jinin zai sake hawa, ko da mutum yana jin garau.

Masu ciki da masu jego

Akwai wani ciwo da ke raunana tsokar zuciyar mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020 bayan an duba mata 406 masu ciwon, ya nuna cewa a arewa maso yamma akwai inda ake samunsa sau ɗaya a cikin haihuwa 96. Matan da suka rame sosai, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki, sun fi shiga haɗari.

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka zargi wankan jego da kunun kanwa. Wannan bincike na baya-bayan nan bai samu alaƙa tsakanin al'adun jego da kamuwa da ciwon ba. Duk da haka kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke sa jiki riƙe ruwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko take da hawan jini, ta haƙura da kunun kanwa har sai an duba ta.

Matsalar ita ce alamun ciwon suna kama da gajiyar ciki da ta haihuwa, shi ya sa ake makara. A wani bincike da aka wallafa a 2024, an gwada wata na'urar sauraron ƙirji mai aiki da ƙirƙirarriyar basira a asibitoci shida na Nijeriya, a kan mata kimanin 1,200 masu ciki da masu jego. Inda aka yi amfani da ita, an gano masu raunin zuciya ninki biyu na inda aka bi hanyar da aka saba. Na'urar ba ta yaɗu ba tukuna, amma ta tabbatar mana cewa akwai mata da yawa da ke yawo da ciwon ba a gane ba. Iyaye mata, ungozomomi da magidanta, ku sa ido. Idan mai jego tana haki daga ɗan aiki kaɗan, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tana tari da dare, ko ƙafafu da ciki suna kumbura, kada a jira a yi arba'in. A kawo ta ranar. Da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa idan an fara magani da wuri. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma ta nemi shawarar likita kafin wani cikin, domin yana iya dawowa.

Yara da ciwon maƙogwaro

Wata ƙwayar cuta da ke sa ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ta fi yaɗuwa inda mutane ke kwana a cunkushe, kamar yadda muke a tantuna. Idan ba a yi maganinta ba, a wasu yaran jiki yakan juya ya yaƙi kansa: bayan mako biyu ko uku gaɓoɓi su yi zafi su kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk lokacin da hakan ya maimaitu, ƙofofin zuciya suna ƙara lalacewa, sai yaro ya zama saurayi ko budurwa sannan abin ya bayyana.

A yankin Gulu na arewacin Uganda an yi wa 'yan makaranta hoton zuciya, aka ware waɗanda ciwon ya fara taɓawa tun ba su ji komai ba. An raba su gida biyu, kimanin 400 kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya ana yi musu allurar penisilin duk mako huɗu har shekara biyu. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2021 ya nuna ciwon ya ci gaba a yara 3 kacal cikin masu karɓar allura, a ɗaya ɓangaren kuwa yara 33. Tsohon magani ne mai araha ya yi wannan aiki.

Don haka yaron da ke ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, musamman daga shekara 5 zuwa 15, a kai shi asibiti. Cire belu wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar cutar, yana iya jawo zubar jini ko wata cutar. In an ba da magani na kwana goma, a shanye shi duka.

Bayan an sallami majinyaci

Wani bincike na 2022 a ƙasashe 14, har da Nijeriya, ya bi mutum 1,078 da aka kwantar saboda gazawar zuciya. Rabinsu an riƙa dubansu a kai a kai cikin mako shida na farko bayan sallama, ana ƙara musu magani har ya kai mizanin da ya dace. Bayan wata shida, kashi 15 cikin 100 nasu ne suka rasu ko aka sake kwantarwa, a sauran kuwa kashi 23. Ashe komawa asibiti ranar da aka rubuta a kati shi ma magani ne.

Abin da muke roƙonku

Duk babba, namiji ko mace, ya je a auna jininsa, ko da lafiyarsa lau. Mai ciki a auna ta duk zuwan awo.

Wanda ya taɓa shan maganin hawan jini ko na zuciya kafin gudun hijira ya faɗa wa ma'aikatan lafiya. In akwai tsohon kwali ko kati, a zo da shi.

Kada a ari maganin maƙwabci, kada a raba ƙwaya don ta daɗe. Mai ciki kada ta sha maganin hawan jini sai wanda aka rubuta mata, domin wasu suna cutar da ɗan tayi. Mai niyyar azumi ya tambayi yadda zai sauya lokacin sha.

A rage gishiri. Abin da babba ke buƙata a rana bai kai gram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin. A bar taba, ta sha da ta shaƙa.

Wanda za a mayar wani wuri, ko zai koma gida, ya zo kafin tafiya a rubuta masa sunan maganinsa da awonsa na ƙarshe.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye: ciwon ƙirji kamar an ɗora dutse, mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, numfashi ya gagara, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, sai kuma suma. In kun ga ɗaya, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take, kada a tsaya gwada jiƙo.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman tsofaffi da masu jego. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara mana ita, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.