Ina Kifaye Suka Shiga Lokacin Ruwan Tsufana?

Yau za mu duba wata tambaya da matasa sukan yi: da ruwan tsufana ya rufe duniya, yaya kifaye suka rayu?

Bari mu fara da Littafi Mai Tsarki. Cikin Farawa 6:19-20 Allah ya umarci Nuhu ya shigar da tsuntsaye, da dabbobi, da masu rarrafe cikin jirgi. Ba a ambaci kifi ba. Farawa 7:22 kuma ta nuna cewa masu numfashi da ke bisa sandararriyar ƙasa su ne suka mutu. Ashe, kifaye a ruwa aka bar su.

Wani zai ce, “To, ruwa ai gidan kifi ne.” Amma ruwa iri biyu ne. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35, ruwan kogi kuwa bai kai giram 1 ba. In ka sa tarwada cikin teku, gishiri zai janye ruwan jikinta ta mutu. Kifin teku kuma in ya shiga kogi, ruwa yakan cika jikinsa har ya hallaka. Ruwan tsufana ya fito daga sama da kuma zurfafa (Farawa 7:11), ya yi kwana 150 yana rinjaye. Lalle ruwayen sun gauraya, ga kuma laka.

Waɗanda suka gaskata ruwan ya rufe duniya duka sukan kawo amsa biyu. Ta fari, akwai kifayen da ke jure ruwa iri biyu: kifin salmon yakan bar teku ya hau kogi domin ya yi ƙwai, wasu irin karfasa kuma suna zama cikin ruwan gishiri. Ta biyu, ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, yakan kwanta a bisansa, kamar yadda ake gani inda Kogin Amazon yake shiga teku. Amma yawancin kifaye ba su da wannan juriya, ruwa mai hauka kuma yakan dama kome. Saboda haka masana kimiyya ba su karɓi amsoshin nan ba. Waɗansu Kirista kuwa sun fahimci cewa ruwan ya rufe ƙasar da mutanen zamanin Nuhu suke zaune ne.

ꞌYanꞌuwa, kada wannan ya raba mu, kada kuma mu tsawata wa yaron da ya yi tambaya. Ba domin lissafin kifaye aka rubuta labarin ba. An rubuta shi domin mu sani Allah yana hukunta zunubi, yana kuma shirya hanyar tsira. Mutum 8 kaɗai suka shiga jirgi (1 Bitrus 3:20). Yesu ya yi gargaɗi cewa zuwansa zai zama kamar kwanakin Nuhu (Matiyu 24:37-39). Ƙofa tana buɗe yau. Kai fa, ka shiga?

Mu yi adduꞌa: Ya Uba, ka ba mu zuciya mai jin gargaɗinka, ka ɓoye mu cikin Ɗanka Yesu. Amin.