Lambun Ɗan Falgore a Ƙasar Ƙanƙara

A Falgore ta ƙasar Rogo, da zarar an shiga Oktoba hankalin kowa ya koma gona. Masara ta shiga rumbu, dawa na jiran yanka, shanun Fulani na dakon a kwashe amfani su shiga su ci kara su bar taki. Hunturu na busawa mai fadama zai fito da injin ban ruwa, domin tumatir da albasa sun fi yin kyau a sanyi. Madatsar ruwan Challawa da aka kammala a Karaye a 1992 ta ƙara wa mutanen yankin ƙarfin noman rani. A can, shigowar sanyi ita ce buɗe lambu.

Ɗan Falgore da karatu ko aiki ya kai Manchester ko Hamburg ko unguwar Bronx ta New York sai ya tarar da lissafin ya juye. Watannin da 'yan uwansa ke yayyafa irin tumatir su ne watannin da shi yake tattara lambunsa.

Ba kuma kaɗan ba ne Hausawan ƙetare da ke noma ɗan abin miya. A Ingila hukumomin gari na ba da hayar ƙananan filaye tun dokar 1908, kuma cikakken fili yakan kai murabba'in mita 250. A Jamus dokar 1983 ce ke tsara irin waɗannan lambuna, a New York kuwa shirin GreenThumb da aka kafa a 1978 na kula da lambunan unguwa sama da 500. A irin wuraren nan ne ake ganin kuɓewa da alayyahu da attarugu kusa da kabejin maƙwabci Bature.

Abin da ke kashe waɗannan shuke-shuke dare ɗaya ne. Sama ta yi garau, iska ta tsaya, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, raɓa ta daskare a kan ganye. Ruwan da ke cikin ganyen ya zama ƙanƙara ya farfasa shi daga ciki. Da safe ganyen kuɓewa ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Wanda ya taso inda sanyin Janairu ba ya daskarar da ko ruwan randa ba zai yi tsammanin haka ba, shi ya sa masu lambun da suka daɗe a can ke bin hasashen yanayi kullum daga ƙarshen Satumba, su tsinke barkono ko da ɗanye ne ya ƙarasa nuna a cikin ɗaki.

Yakuwa ce ta fi ba da tausayi. Ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12, abin da a ƙasar Kano ke zuwa daidai da ɗaukewar damina. A Landan yinin bazara na wuce awa 16, saboda haka sai ta yi ta ganye har ƙarshen Satumba, tana fara fure sanyi ya cim mata. Miyar taushe dai za a sha, amma soɓorodo sai an sayo a shagon kayan Afirka. Zogale kuwa a bokiti ake shuka shi tun farko, a sare kansa a shigar da shi kusa da taga, a rage masa ruwa har sanyi ya wuce.

Sai ganyen bishiyoyi da ke zuba tuli-tuli. A gida da ashana za a gama da shi, amma garuruwa da yawa a Amurka sun hana ƙona shi, a Toronto ma akan zuba shi a jakar takarda kafin motar shara ta ɗauka. Manomi na gaske ba zai bari a tafi da shi ba. A tara da manjagara, a jiƙa, a danna a buhu mai huji, bayan shekara ɗaya ko biyu ya zama baƙin taki mai laushi. Wannan ilimi ne da duk wanda ya taɓa kai takin bola gona a kan jaki ya riga ya sani. A Ingila akan ja kunnen masu tara itace don wutar wani biki da ake yi ranar 5 ga Nuwamba su duba ƙarƙashin tulin tukuna, domin bushiya na shiga ciki ta yi kwanan sanyi.

Tiyo da famfon waje ma sai an tsiyaye su. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu, kuma kuɗin mai gyaran famfo a can ba wasa ba ne.

Akwai shukar da ke son wannan sanyi: tafarnuwa. Ana binne ta a Oktoba ko Nuwamba, ta kwana cikin ƙasa mai sanyi makonni da dama kafin kanta ya rarrabu, a tone ta a Yuni ko Yuli. Ya kamata Bahaushen ƙetare ya riƙe ta da kyau, ko don kada filinsa ya zauna fayau. Masu kula da filayen haya a Ingila na zagayawa duba aiki, wanda ya bar nasa ya cika da ciyawa yakan samu takardar gargaɗi, in bai gyara ba a karɓe a ba na gaba, alhali a wasu unguwannin Landan mutum kan yi shekaru a layi kafin fili ya zo kansa.